Na Rage Jiki Don Lafiyata, Yanzu Maza Sun Hana Ni Sakat: Shin In Koma Yadda Nake?

"Assalamu alaikum Malama. Shekarata 36, ina da aure da 'ya'ya uku, ina aiki a wani ofis a Kano. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, suga kuma yana gab da kama ni, ya ce lallai in rage jiki. Na dage har na sauko daga kilo 104 zuwa 76. Lafiya ta samu, amma tun daga nan hankalina bai ƙara kwanciya a waje ba. Da can Hajiya ake ce mini ko Mama, yanzu ɗan adaidaita sai ya ce, ''yammata ba ni lambarki mana.' A kasuwa wani ya goge ni da gangan cikin cunkoso. Wani abokin aiki da muka yi shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa mu ya fara turo mini saƙo da tsakar dare. Makon jiya wata mota ta biyo ni tun daga titi har bakin layinmu. Irin hijabin da nake sawa a da, shi nake sawa yanzu. Ban faɗa wa maigidana ba don ina tsoron ya ce in bar aiki. Na fara tashi cikin dare ina cin abinci, wani lokaci ma sai in ji da ma ban rame ba. Ni na jawo wa kaina? In koma yadda nake?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyi biyu kika rubuta, wato ko laifinki ne, da ko ya kamata ki mayar da ƙibar da kika sha wahalar saukewa, kuma amsar duka biyun ita ce a'a. Amma akwai ta uku da ba ki yi ba, wadda a ganina ta fi su gaggawa: cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, wanne ne ɓacin rai kawai, wanne ne kuma haɗari? Kin haɗa su a kwando ɗaya domin duk tsoro iri ɗaya suke ba ki, alhali kowanne da maganinsa. Na daɗe ina zama da mata a ɗakin ba da shawara na asibiti, yawancinsu daga sashen masu hawan jini da ciwon suga ake turo mini su, kuma ina tabbatar miki ba ke ce ta farko da ta zo da wannan kuka ba. Sai dai mata kan faɗe shi a ƙarshen zama, suna tattara jaka, murya ƙasa-ƙasa, domin suna jin kunyar a ce suna yabon kansu ne.

Abin da ya canja a idon mutane

Mutane za su ce miki ai kyau kika ƙara shi ya sa. Wannan bayani bai cika ba, musamman a ƙasarmu. Matan Turai da Amurka da suka rage ƙiba sukan ce a da kamar ba a ganinsu, sai da suka rame aka fara kallonsu. A nan lamarin ya bambanta, domin mu ƙiba ba abar ƙi ba ce a al'ada, alamar hutu ce da wadata, har 'yammata da amare na shan magungunan da ake kira sha-ka-fashe don su ciko, suna jawo wa kansu hawan jini da suga. Abin da jikinki na da ya ba ki shi ne kwarjini. Wanda ya ga mace mai kilo ɗari cikin hijabi sai ya ƙara mata shekaru, ya ɗauka matar wani babba ce, mai 'ya'ya samari, mai bakin da za ta tara masa jama'a. Kalmar Hajiya da Mama da ake kiranki da su ba suna ba ne kawai, matsayi ne. Da jikin ya sauka sai aka rage miki shekara goma a ƙiyasi, aka mayar da ke sahun waɗanda ake ganin za a taɓa a kwana lafiya. Kura ta san gidan mai babbar sanda, kuma mai tsangwamar mata lissafi yake yi kafin ya buɗe baki: wa za ta yi shiru, wa ba ta da mai tsaya mata.

Akwai kuma abu biyu da suka taimaka. Na farko, mai yiwuwa fitarki ta ƙaru. Kusan duk matar da na gani ta sauke kilo ashirin ko talatin, tafiyar ƙasa ta shiga rayuwarta, inda a da take hawa abin hawa yanzu takawa take yi, don haka sa'o'in da take yi a titi sun ninka. Na biyu, ramewa takan mayar da jikin mace abin zance. Surukai su tambaya ko lafiya, maƙwabta su yi raɗe-raɗin ciwo ko rashin jin daɗin aure, abokan aiki su ce kin koma yarinya. Da zarar kowa ya sami lasisin yin magana a kan jikinki, mai mugun nufi ta wannan ƙofar yake shigowa, ya fara da yabo ya ga yadda za ki karɓa. Ina zaton haka abokin aikin nan naki ya fara.

Kada kuma ki ɗauka masu ƙiba sun tsira. Mata masu jiki suna kawo mini nasu kukan: a kasuwa a taɓa su, a tasha a yi musu waƙa, a faɗi maganar batsa a kan ƙirarsu sannan a rufe da dariya. Ke dai kin yi sa'a naki jikin ya zo miki da girmamawa.

Game da laifi kuwa, ke da kanki kin kawo hujja, tunda suturarki ba ta canja ba. A Suratun Nur, aya ta 30 ce ta umarci maza su runtse ido kafin aya ta 31 ta juyo kan mata, kuma a hadisin haƙƙin hanya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, abu biyu na farko da aka ɗora wa masu zaman bakin titi su ne runtse ido da kame cutarwa. Ba a sa sharaɗin nauyin wadda ke wucewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata, kuma mafi yawansu daga hannun miji ko abokin zama ne. Abin da ya kai wannan yawa bai bar siririya ba, bai bar mai jiki ba.

Cin abincin dare

Wannan layin na wasiƙarki ne ya fi tsaya mini a rai, kuma zan ɗan daɗe a kansa. A 1985 wani likita mai suna Vincent Felitti yana kula da shirin rage ƙiba a birnin San Diyego na Amurka, sai ya lura da wani abin mamaki: da yawa daga masu barin shirin ba waɗanda suka kasa ba ne, waɗanda suke samun nasara ne. Mace ta sauke kilo masu yawa, sai ta ɓace, ta dawo da jikinta na da. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar tarihin rayuwarsu, sai ya tarar kusan rabinsu an ci zarafinsu ta hanyar lalata tun suna yara, kuma wasu sun gaya masa ƙarara cewa ƙibar ce ke sa maza su kawar da kai daga gare su. Abin da likita ke ɗauka ciwo, su a wurinsu garkuwa ne. Wannan ne ya haifar da babban binciken da ya yi tare da Robert Anda a kan mutum fiye da 17,000, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya nuna alaƙar wahalhalun ƙuruciya da cututtukan girma.

Ba ina nufin wani abu ya taɓa samunki ba. Ban gan ki ba, wasiƙa ɗaya kuma ba ta isa a yanke irin wannan hukunci ba, sannan abubuwa huɗun da kika faɗa sun isa su hana kowace mace barci ko da ba ta da wani tsohon tabo. Amma ki tambayi kanki a keɓe, shin tsoron nan sabo ne, ko kuwa kin san ɗanɗanonsa tun da can? Na taɓa zama da wata baiwar Allah wadda sau uku tana rage jiki, kuma duk lokacin da ta kusa wani nauyi takamaimai sai bugun zuciya da mugun mafarki su taso mata, ta koma ci. Mun yi watanni kafin ta gane cewa nauyin nan shi ne nauyinta a shekarar da wani na cikin gida ya keta mata haddi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarta. Ita ba tsarin abinci take buƙata ba. Idan kin ji wannan labari ya taɓa wani wuri a zuciyarki, ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan'adam, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa wurinsu ba alamar taɓin hankali ba ce.

Idan kuwa babu wani tsohon abu, to cin daren nan hanya ce da jiki ke bi ya kwantar da fargabar yini. Ki gwada mako biyu kina rubuta ranakun da kika tashi ci da abin da ya faru da rana. Yawancin matan da na sa su yin haka sukan ga cewa daren da suka buɗe tukunya shi ne daren ranar da aka tsorata su, ko ranar da suka ƙuntata wa kansu abinci fiye da kima.

Mayar da ƙibar ba zai biya miki buƙata ba ko ta fuskar tsaro, domin sai kin yi shekara kafin ki dawo da kilo 28, motar nan kuwa makon jiya ta biyo ki. Ta fuskar lafiya kuma hasarar a fili take. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu gab da kamuwa da ciwon suga, da aka sa su motsa jiki da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ke kin wuce wannan mizani nesa. Shawarata ita ce ki tsaya inda kike wata uku zuwa shida, kada ki nemi ƙara sauka, ki ci abincin dare mai riƙe ciki, ki ba zuciyarki lokaci ta saba da sabon jikin, domin ita takan makara wajen gane canjin. Ki kuma gaya wa likitanki batun cin daren, kada ki taɓa maganin hawan jininki sai da saninsa. In da hali ki ƙara atisayen ƙarfafa damtse da ƙafafu, ko da jarkar ruwa ce a tsakar gida. Da yawa daga matan da na gani, abin da suka yi kewa ba kitsen ba ne, jin cewa ba mai iya ture su ne, kuma ana samun wannan ba tare da ƙiba ba.

Kowanne da maganinsa

Ɗan adaidaita shi ne mafi sauƙi. Ki ɗaure fuska ki ce, "Malam, matar aure ce ni, ka kula da tuƙinka," ba murmushi, ba dogon bayani. In ya ci gaba ki sauka a wurin jama'a. Ki guji shiga adaidaitan da maza biyu ke ciki da daddare, kuma in kin sami direba ɗaya ko biyu da mutanen unguwa suka sani, ki riƙe lambarsu.

Na kasuwa ya wuce rashin ɗa'a, laifi ne, domin kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod (Penal Code) da ake aiki da shi a Arewa ya hukunta taɓa mace ko yi mata magana da nufin keta mutuncinta. Mai goga a cunkoso da kunyarki ya dogara, ya san an tarbiyyantar da mu kada a ji muryarmu a kasuwa. Ki juya ki kalle shi, ki ɗaga murya ki faɗi abin da ya yi: "Kai mai shuɗiyar riga, me ya sa ka taɓa ni?" Ambaton kalar riga yana sa idanu su koma kansa. In babu kowa kusa, kada ki tsaya cacar baki, ki nufi shagon da ke da mutane. Idan kuma ranar nan kin daskare kin kasa cewa uffan, kada ki zargi kanki, haka jiki ke yi in an shammace shi, kuma ana rage wannan da gwaji. Ki maimaita kalmomin da ƙarfi a ɗaki har bakinki ya saba. Kada ki raina wannan: a wani gwaji da Charlene Senn ta jagoranta a jami'o'i uku na Kanada, wanda aka wallafa a 2015, ɗalibai mata da aka ba horon awa 12 kan gane haɗari da wuri, ƙin amincewa da babbar murya da kare kai, kashi 5.2 cikin ɗari ne aka yi wa fyaɗe cikin shekara guda, a kan kashi 9.8 na waɗanda takardar wayar da kai kawai aka ba su. Wani ɓangare na horon shi ne koya wa mace ta daina tsoron ɓata wa wanda ta sani rai.

Wannan ya kawo mu kan abokin aikinki, wanda na fi jiye miki shi a kan baƙon titi, domin ya san lokacin tashinki, ya san lambarki, wataƙila ya san gidanki. Shiru a irin wannan wuri yakan zama masa ƙarfin gwiwa, wargi kuwa wuri yake samu. Ki tura masa saƙo ɗaya tak a rubuce, da rana: "Malam wane, kada ka ƙara turo mini saƙon da bai shafi aiki ba." Kada ki ba da haƙuri, kada ki kawo dalili, kada ki amsa abin da zai biyo baya. Kafin nan ki ɗauki hoton duk saƙonninsa da kwanan wata da lokaci, ki tura wa wata 'yar'uwa da kika amince da ita ta ajiye, kada ki goge su don kunya. In ya maimaita, ki kai ƙara a rubuce ga shugaban sashenku, ki riƙe kwafi, ki kuma tafi da wata babbar ma'aikaciya a matsayin shaida. Sau da yawa za ki tarar ba ke ce ta farko da ya yi wa ba.

Motar ita ce ba na so ki yi wa jinkiri. Wanda ya bi mace har unguwarsu ya tashi daga magana ya koma aiki. In ta sake faruwa, kada ki nufi gida, ki shiga gidan mai ko babban shago ko caji ofis, ki kira wani ya zo ya same ki a can, ki yi wayar a fili yadda mai motar zai gani. Ki riƙe lambar motar da kalarta, ko da rabin lambar ce, ki rubuta nan take. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Na 'yan makonni ki sassauya lokacin dawowa da hanyar da kike bi, ki daina tafiyar motsa jiki ke kaɗai da asuba ko bayan magariba, ki nemi abokiyar tafiya. Mai shagon bakin layinku da 'yan sintirin unguwa su san kamannin motar, domin su ne ke zaune a wurin lokacin da ba kya nan.

Ta fuskar doka, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta mayar da bibiyar mutum laifi mai hukuncin ɗauri har shekara biyu ko tara, amma ita ta Abuja ce, kowace jiha sai ta kafa tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta shafi saƙonnin barazana ta waya. Ni ba lauya ba ce, don haka sashen da ya dace da lamarinki a Kano lauya ne zai faɗa miki, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na taimaka wa mata a irin wannan. Abin da na koya daga rakiyar mata shi ne, wadda ta je da rubutacciyar hujja da ɗan rakiya an fi sauraronta a kan wadda ta je ita kaɗai da hawaye. Idan kuma, Allah ya kiyaye, abin ya kai ga an afka wa mace, akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Asibitin Murtala da ke Kano, kuma a hanzarta zuwa, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Batun maigida

Na fahimci tsoronki, domin na ga matan da suka kai kuka gida aka ce to ki zauna, aka hukunta su da laifin wani. Na ga kuma mazan da ramewar matansu ta tayar musu da kishi, suka fara binciken waya da tambayar don wa ake wannan gyara. Duk da haka ina ganin ki faɗa masa, saboda dalili biyu. Motar ta zo bakin layinku, wato lamarin ya shafi gidansa da 'ya'yansa. Sannan saƙonnin tsakar dare suna cikin wayarki, ranar da ya gan su da kansa kuwa, ɓoyewar da kika yi don neman zaman lafiya ita za ta zama hujja a kanki, kuma mai turo su ya san haka.

Yadda za ki faɗa shi ne abin lura. Kada ki kawo maganar cikin kuka ko yana shigowa a gajiye. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki zo masa da matsalar tare da shirinki: ga abin da ya faru, ga amsar da na tura wa mutumin, ga direban da nake so in riƙa bi, abin da nake nema a wurinka shi ne ka riƙa ɗauko ni na mako biyu, ka kuma yi wa mai unguwa magana. Namijin da aka ba aikin yi bai cika zaɓar kulle ba, wanda aka bari da fargaba kawai shi ne ke cewa a bar aikin. Ki kuma roƙe shi kada ya je ofis ɗinku da faɗa, domin hakan yakan juya zancen ya koma kanki.

Ke kika san mijinki, ni ban san shi ba. Idan mai saurin hannu ne, ko kishinsa ya taɓa kai wa ga zagi da zargi, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ki fara da yayanki ko wani babba da yake jin nauyinsa, a zauna tare. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba, kuma ba na so ki ƙara mako guda a cikin wannan sahu. Ko da ba ki shirya wa maganar maigida ba tukuna, yau ɗin nan ki gaya wa mutum ɗaya da ya san hanyar da kike bi zuwa gida, ki ba shi kalar motar da ranar da ta biyo ki. Ki sake rubuto mini bayan mako biyu, ina so in ji ko motar ta dawo, da abin da takardar cin daren ta nuna miki.